Gyaran da Ba a Roƙi Illo Ba

Idan ka gangara daga tashar motar Yelwa zuwa bakin ruwa, a shekarun nan da jihar Kebbi ba ta daɗe da haura shekara goma sha biyar ba, dole ka bi ta gaban jerin shagunan Hajiya Barakatu. A shago na ƙarshe, wanda iskar tafki ke fara taɓawa, akwai wani dogon mutum siriri da ke zama bayan tebur, leɓensa na ƙasa a ture kamar wanda aka ɗura wa maɗaci. Illo ke nan. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Raini kuwa kyauta yake bayar da shi, ko aiki ka kawo ko gaisuwa ka tsaya yi.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Idan ɗanka ya yi zazzaɓi, Illo ne zai fara tayar da babur. Sai dai a kan hanyar asibiti zai tambaye ka wace manhaja ce a kwamfutarka, in ka faɗa ya ja tsakin da zai sa ka manta da zazzaɓin. Tsakin nan ya kori masu kawo masa aiki ba adadi, wasu kuma ba su tafi shiru ba, sai da suka biya ta gidan mai shago. Har wata rana Hajiya Barakatu ta tsaya a ƙofarsa ta riƙe ƙugu.

"Illo, don darajar mahaifinka na ba ka wurin ga. Ƙara guda ta sake zo min a kanka, ka kwashe ƙarafunanka, in sa mai sayar da ƙanƙara. Ita ƙanƙara ba ta yi wa kowa tsaki."

Maganar ba ta wasa ba ce. A layin Hajiya ne kaɗai ake da janareton haɗin gwiwa, kuma mai gyaran kwamfuta in ba wuta, masunci ne ba ruwa. In aka kore shi daga nan, an kore shi daga sana'ar ke nan.

Ɗan bakin ruwa ne. An haife shi bayan tafkin Kainji ya cinye tsohon ƙauyensu, ya tashi a cikin masu taru, babbar ragar kamun kifin nan da sai taron maza ke iya ja. Mahaifinsa Jibrin yana da nasa. A unguwarsu akwai wata al'ada da ta shiga jinin Illo tun bai san baƙi ba. Idan an dawo daga ruwa an shanya taru a kan yashi, duk wanda ya zo wucewa ya ga ɓaraka sai ya tsuguna ya ɗinke. Ba ya neman mai shi, ba ya jiran godiya, ba ya ma faɗa. Wanda ake zagi shi ne wanda ya ga rami a tarun maƙwabci ya tsallake. Kowa da allurar saƙa a aljihu, kamar yadda wasu ke yawo da goro.

Bai daɗe a kamun kifi ba. Yana ɗan yaro aka kai shi cikin gari koyon gyaran injin jirgi, kuma lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato har ya zama bakanike mai cin gashin kansa. Babu injin da ba ya wargajewa ya harhaɗa. Sai aka fara shigo da wasu sababbin injuna masu wani ɗan baƙin akwati a ciki, a liƙe ruf, babu ko ƙusa ɗaya da za a kwance. In ya mutu sai a jefar a sayo sabo. Illo ya yini yana juya ɗaya a hannu, ya gaji ya sa guduma, ya tarar da abin da ba ya gyaruwa. Tun daga ranar ya raba kayan duniya gida biyu. Akwai abin da ake buɗewa, akwai kuma abin da aka ƙera don a raina maka wayo.

Da kwamfuta ta fara leƙo gari, wani ofishi a can Kainji ya zubar da tsofaffin nasa, Illo ya lodo su a jirgin da ya kai albasa yana dawowa. Ƙarfen bai ba shi wuya ba, ƙusoshi ne da wayoyi. Abin da ya ɓata masa rai shi ne manhaja, wato ran kwamfutar, abin da ke sa ƙarfen ya san me zai yi in an kunna shi. Wadda kowa ke amfani da ita wani babban kamfani ne ya yi ta ya rufe cikinta, ba mai ganin yadda aka saƙa ta sai su. Baƙin akwatin nan dai ya biyo shi har cikin sabuwar sana'a. Ya sa mata suna 'yar kulle.

Wani malamin jami'a da motarsa ta lalace a Yelwa shi ya jawo wa garin fitina. Yana jiran gyara ya shiga shagon Illo shan inuwa, ya ji ƙorafinsa, ya ciro wani faifai daga jaka ya miƙa masa. Ya ce manhaja ce a ciki, sunanta Linuks. Ya ce dubban mutane ne daga ƙasashe barkatai suka haɗu suka saƙa ta, suka bar rubutun cikinta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya kwafa ya ba wani. Waɗanda ke wurin sun ce sai da idon Illo ya kawo ruwa.

"Ashe taru ne," in ji shi. "Ashe akwai masu shanya taru a wasu ƙasashe."

Ya sa mata suna buɗaɗɗiya. Malamin ya shiga motarsa ya tafi, ya bar mutanen Yelwa da Illo.

Wanda ya fi kowa shan wa'azin shi ne maƙwabcinsa na jikin bango, Daniel, Bakambare daga wajen Wara, mai shagon buga takardu da katin biki da kalanda. Sunan shagon na Daniel ne, amma aikin na matarsa Esther ne, wadda kowa ke kira Maman Miracle. Ita ke zama gaban kwamfuta tana tsara furanni da tantabaru a kan katunan aure, shi kuma yana kan benci a waje yana karɓar baƙi da musu. Benci ɗaya ne tsakanin shagunan biyu, kuma ya ji abin da ya ji.

"Malam Illo," Daniel zai fara, "abin da aka ba ka kyauta, ka tambayi kanka dalili. Araha ba ta ado."

"Ruwan Kwara da kake sha, nawa ka saye shi, Baban Miracle?"

"Shi ya sa nake tafasa shi."

Sai Illo ya ja tsaki. "Kai har kana da bakin maganar saye? Faifan 'yar kullenka daga ina ya hito? A kan tire anka tallata maka shi a tasha, tsakanin gyaɗa da maganin ɓera. Kayan sata kake tinƙaho da shi. Ni nawa halas ne, masu shi da bakinsu sunka ce kowa ya ɗauka."

Daniel ba ya jin kunya a kan wannan, don duk garin tirensu ɗaya. Sai ya sake hanya. "To in kowa na ganin cikinta, ai ɓarawo ma na gani."

"Ga jirgi biyu a bakin ruwa," in ji Illo, yana ɗaga yatsu kamar mai koyar da wanda bai da wayo. "Guda an shimfiɗe cikinsa da tabarma an hana ɗagawa, direba na cewa ku yarda da ni, ba ya yoyo. Guda kowa na ganin katakon, in ruwa ya ɓullo ido ɗari ya gani. Wanne za ka sa Miracle ciki?"

"Wanda ya saba kai ni Shanga ya dawo da ni."

"Har ranar da bai dawo da kai ba."

"In taka ta lalace, wa zan kama? Ba ta da uba."

"Taka mai uban, da take suma duk mako, wa ka taɓa kamawa? Ka taɓa ganin uban nata ya sauka a tasha da sifana? Ni kake kamawa."

A nan mai shayin da ke gefe yakan yi dariya, Illo ya gyara zama kamar an naɗa shi. Sai muryar Esther ta fito daga cikin shago, ba ta ko ɗago kai.

"Ni tambayata guda ce, Malam Illo. Tana buga katin biki mai furanni da zoben zinariya?"

"Furanni!" in ji Illo, ya dubi sama kamar yana kai ƙara. "Ana maganar 'yancin ɗan Adam, ke kina maganar furanni."

Wannan tambaya ita kaɗai ce ba ya amsawa da misalin jirgi. Ba ya amsa ta da komai.

Abin ya faru ne bayan kaka, lokacin da an sayar da shinkafa, aure ya tashi ko'ina daga Ngaski har Shanga, kuma shagon Daniel ba masaka tsinke. Kwamfutarsu kuwa ta sha bairos, cutar nan da ke bin filashi, ɗan abin ɗaukar bayanai, daga wannan na'ura zuwa waccan, don duk wanda ya shigo da nasa yake sokawa. A tsakiyar wannan hada-hada aka yi musu rasuwa a Wara, kawun Daniel. Suka rufe shago, suka bar makulli wurin Illo kamar yadda suka saba, don wani ango zai zo karɓar katunansa da ke kan tebur.

Ango ya zo, Illo ya buɗe ya miƙa masa. Da ya rufe ya koma, da wannan labari bai samu ba. Amma ga kwamfutar nan a lulluɓe da farin leshi kamar amarya, kuma hannun Illo ƙaiƙayi yake yi. Ya ce bari dai ya ji numfashinta. Ya kunna. Kafin ta farka har mai shayi ya tafasa ruwa ya sauke. Da ta farka kuma sai abubuwa suka riƙa buɗe kansu suna rufewa, tana nishi, tana tsayawa.

"Wannan ai taru ne da kada ya ratsa," Illo ya ce wa bango.

Abin da ɗan Jibrin zai yi a nan ba sai an yi tunani ba. Ya ga ɓaraka a kayan maƙwabci, mai kaya ba ya nan, allura tana aljihu. A yi masa adalci, sai da ya kwashe duk ayyukan Esther ya adana su gefe, ko tantabara ɗaya ba ta ɓace ba. Sannan ya share 'yar kulle tas, ya zuba buɗaɗɗiya. Ya mayar da leshi, ya rufe shago, bai gaya wa kowa ba, don al'ada ba ta yarda mai gyara ya yi shela ba. Ya koma bayan teburinsa da fuskar mutumin da ya yi sadaka a ɓoye.

Ranar da suka dawo, ihun Esther har masu lodin jirgi sun ji.

"Baban Miracle! An sauya mana kwamfuta!"

Ba a sauya ba. Ƙarfen ne dai, amma fuskar baƙuwa. Abin da take tsara kati da shi babu shi. Ta danna a buga, firinta ta yi shiru kamar ba ita ba. Ga aikin aure har uku a jakarta da ta karɓo a wurin zaman makoki, don ko a makoki mutane ba sa barin mai buga kati ya huta.

Illo ya leƙo da murmushi, abin da ba a saba gani ba. "Ba sai kun gode ba. Haƙƙin maƙwabtaka ne."

Daniel ya dube shi, ya dubi makullin da ke hannunsa. "Malam Illo, makulli na ba ka. Ban ba ka wuƙa ba."

"Ka kunna ta ka ga yadda take tashi. Kamar tsuntsu."

"Ta tashi ta je ina?" in ji Esther. "Amarya za ta raba wa mutane saurin tashi? Ina furannina? Ina zobena? Wa ya aike ka?"

Illo ya ja tsaki. Wannan shi ne kuskurensa na biyu, don daidai lokacin Hajiya Barakatu ta iso, wani ya riga ya kai mata labari. Ta saurari Esther har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta juya.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Kwashe."

Leɓen Illo ya koma mazauninsa a karo na farko cikin shekaru. "Hajiya, ban yi komai ba sai abin da anka koya min. Ɓaraka na gani na ɗinke. Ke ɗiyar bakin ruwa ce. A gidanku, wanda ya gyara tarun maƙwabci korarsa ake yi?"

Da bandar kifi Hajiya ta gina shagunan nan, kuma mahaifinta da allura a aljihu aka san shi. Ba ta son Illo a wannan rana, amma ba ta son a ce ta taka abin gidansu.

"To," ta ce. "Tunda taru ne, mu tai gun masu taru."

Washegari da hantsi suka gangara su huɗu wurin Baba Magaji, dattijon masu taru, abokin marigayi Jibrin. Suka same shi a ƙarƙashin rumfa, raga a kan gwiwa. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, bai kuma nuna yana da niyya ba. Aka gaisa, aka yi wa Daniel ta'aziyya, Hajiya ta zayyana magana. Tsoho bai daina saƙa ba.

"Ɗan Jibrin, ɓaraka ka gani?"

"Ba guda ba, Baba. Duk jikinta."

"Ka ɗinke?"

Illo ya ɗan yi tari. "Na sake ta."

"Wato ka kwance tarun mutum duka, ka saƙa wani."

"Wanda ya hi shi ƙarko nesa ba kusa ba."

"Ban tambaye ka ƙarko ba. Kifin da suke kamawa, sabon na kama shi?"

"Ko tarwaɗa guda, Baba," in ji Esther.

Baba Magaji ya ciji zare ya tofar. "Laifinmu ne da munka bari anka kai ka gari kana ƙarami. Rabin al'ada ka ɗauka ka tai da ita, kana ta yi wa mutane tsaki da rabi. Ƙaramar ɓaraka ita ake ɗinkewa a wuce. In gyara ya yi girma har ya sauya yadda taru ke zama cikin ruwa, mai gyara ba ya wucewa. Jirgin mai taru yake shiga, ya ja tare da shi, yau da gobe, har mai taru ya ce ya gamsu. In ya ce kwance, da hannunka za ka kwance ƙullinka, ka mayar masa yadda ka tarar." Ya ɗago ido. "Kuma ba a tsaki a jirgin mutane. Ubanka ya taɓa shiga nawa a kan haka. Bakinai bai buɗe ba sai da munka sauka."

Hajiya ta gyara mayafi. "Shi ke nan. Maman Miracle, jirginki ne. Ranar da kika ce kin gamsu, ya zauna. Ranar da kika ce ya kwance, ya kwance, ya haɗa da kayansa."

Haka Illo, wanda ya raina furanni a gaban jama'a, ya koma zama a kan ɗan kujerar roba kusa da Esther, makomar shagonsa tana hannun matar da ya fi raina tambayarta. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya don kallo. Duk lokacin da tsaki ya taso masa sai ya haɗiye, maƙogwaronsa ya motsa, har mai shayi ya fara kawo masa ruwa yana cewa maganin shaƙuwa ne.

Farkon tafiyar ba daɗi. Firinta ta ƙi magana. Illo ya buɗe wani baƙin allo a kwamfutar ya riƙa zuba rubutun umarni, ya kashe ya kunna, ya yi gumi, firinta na kallonsa. Aikin auren farko dole Daniel ya ɗauka a mota ya kai Kwantagora aka buga, ya dawo da ƙura a kai da magana a baki.

"Malam Illo, ina dubban mutanen naka? Ko guda bai zo ba."

Illo ya tashi ya tafi shagon intanet na cikin gari, ya shiga dandalin da masu buɗaɗɗiya ke tattaunawa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago. Ya rubuta cewa bai sani ba, a taimake shi. Na farkon da ya amsa ya ce masa ya je ya yi karatu tukuna, da wani salo da Illo ya gane nan take, don ko a rubuce tsaki ba ya ɓuya. Ya zauna yana kallon amsar, ya ji yadda take da ɗaci in daga wancan gefen take zuwa. Na biyu kuwa, wani daga ƙasar da Illo bai san inda take ba, ya tambayi irin firintar, ya bi da shi daki-daki har aka kai. Da ya dawo ya gwada, firinta ta yi kaki ta jawo takarda.

"Ga guda ya zo," ya ce wa Daniel. Ya so ya ƙara wani abu, ya tuna a jirgin wa yake.

Saura abin tsara kati. Akwai shi a buɗaɗɗiya, amma komai ba a inda Esther ta saba ba.

"Ina abin lanƙwasa rubutu?"

"Shina can ƙarƙashin wancan."

"Wa ya ce a kai shi can?"

Illo ya miƙa hannu zai buɗe baƙin allonsa, ta buge hannun. "Kada ka sake buɗe min wannan kabarin. Nuna min inda zan danna, kamar mutane."

Ya nuna. Wani wurin dannawa biyu ne, wani wurin sai an zagaya kamar mai zuwa Wara ta Zuru. A kan zoben zinariya suka yini, don na 'yar kulle a shirye yake zuwa, wannan kuwa sai an zana. Da la'asar Illo ya dafa goshi ya ce a hankali, "Nan wurin dai ba su kyauta ba."

Daniel ya leƙo daga benci. "Mi ka ce? Sake faɗi, mai shayi bai ji ba."

Amma Esther ba ta yi dariya ba. Ta lura da wani abu da ba ta faɗa ba. Masu filashi suna ta zuwa suna sokawa kamar kullum, kwamfuta ko atishawa. Wata rana ta juyo ta dube shi.

"Kullum kana cewa kowa na iya sauya ta yadda yake so. Gaskiya ne, ko shi ma wa'azi ne?"

"Gaskiya ne!" Illo ya miƙe zaune, ya ga ranar da ya daɗe yana jira. Ya nuna mata inda ake sauya launi, inda ake matsar da maɓallai, inda ake sa sauti. Ta gyaɗa kai kawai.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi. Buɗaɗɗiyarsa, mai kamun kai, mai launin ƙasa, ta koma ruwan hoda. Furanni sun zagaye allon. Hoton Miracle da rigar makaranta ya cika tsakiya. Kowane maɓalli ya koma daidai inda na 'yar kulle yake zama, har da ɗan maɓallin farawan nan na kusurwar hagu. Da Esther ta kashe ta kunna don ya gani, sai muryar mawaƙan cocinsu ta tashi.

"Maman Miracle," ya ce, "kin mayar da ita 'yar kulle. Dubban masana sunka..."

"Tarun wa?"

Maƙogwaron Illo ya hau ya sauka. Mai shayi ya miƙo ruwa.

Da aka gama aikin auren ƙarshe, Hajiya Barakatu ta zo da kanta, ta zauna a bencin musu, ta ce a faɗa mata matsaya. Illo na tsaye a ƙofar shagonsa, idonsa a kan ƙarafunan da wataƙila zai kwashe. Esther ta ɗauki lokacinta. Ta ce zoben zinariya har yau da hannu take zana shi. Ta ce takardun da ake kawowa daga ofisoshi wani lokaci a karkace suke buɗewa, sai ta daidaita. Ta ce an shiga shagonta ba izini, kuma wannan ba ta manta ba. Illo ya fara duban inda zai samo kwali.

"Amma tunda aka zuba ta ba ta suma ba," in ji Esther. "Kuma ta ji maganata, na ce ta koma nan ta koma. Hajiya, da shi dai ban gamsu ba. Da ita na gamsu."

"Ba aurensa na ce ki yi ba," in ji Hajiya. "Ya kwance ko ya bari?"

"Ya bari. Amma makulli daga yau wurin mai shayi."

Hajiya ta tashi ta kaɗe zani. "Ka ji, Illo. Ƙanƙara ta jira."

Ya zauna a shagonsa, kuma a nan ne abin da bai yi tsammani ba ya same shi. Masu zuwa buga kati suka riƙa ganin allon Esther suna tambaya. Ta ce musu ba ta kamuwa da cutar filashi, kuma halas ne a kwafa, ta shiga kwafa tana rabawa. Abin da Illo ya shekara yana wa'azinsa ba wanda ya karɓa, furanni suka sayar da shi a kaka ɗaya. Sai dai ba wanda ya ce Linuks, ba wanda ya ce buɗaɗɗiya. Daga Yelwa har Wara sunanta ɗaya. Mutum zai shigo shagon Illo da kwamfuta a ka, ya sauke, ya ce, "Malam, irin ta Maman Miracle za ka sa min. Da furannin."

Ya daure, ya daure, ya gangara wurin Baba Magaji ya kai kuka. Ya ce shi ya kawo ta garin, shi ya sha zagi a kanta, yanzu ana kiranta da sunan matar da ko baƙin allo ba ta iya buɗewa.

Tsoho bai ɗago daga saƙarsa ba. "Ka taɓa jin an kira taru da sunan mai gyara?"

Illo ya hauro gari. A ƙofar shago ya tarar da wani malamin firamare daga Shanga yana jiransa, da kwamfuta a cikin buhun shinkafa. Ya ji buƙatarsa, ya ja tsaki mai tsawo, irin na da, wanda ya daɗe a tsare. Sannan ya jawo kujera, ya sa faifai, ya tambayi mutumin ko ruwan hodar mai haske yake so ko mai duhu.